Yaya, ashe ba borin jini ba ne

Yaya, ina gaisuwa, ya yara? Ki faɗa wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, an gano abin da ke damuna.

Kin tuna tabon nan masu ruwan ƙasa da ke cinyoyina, da yadda fuskata ke ɗaukar zafi in na ci yajin tsire? Shekara nawa muna cewa borin jini ne, a aiki yaro kemis ya sayo Piriton. To a nan Ingila likitar fata ta goga tabo ɗaya da yatsa, kafin mu gama magana ya kumbura ya yi ja. Nan take ta rubuta gwajin jini mai suna tiriftes. Nawa ya haura 20, wato ya yi yawa, shi ya sa aka ɗebi ɓargo a ƙashin ƙuguna. Wannan allurar, Yaya, ba na yi wa maƙiyina fatanta.

Sunan ciwon mastosaitosis. Wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ne suka yi yawa saboda wani sauyi a ƙwayar halittar KIT, suna taruwa a fata da ɓargo, har hanta da saifa da hanji. In zafi ko yaji ko harbin zuma ya taɓa su, sai su zubo da histamin, sinadarin da ke jawo kumburi da ƙaiƙayi. Gudawar da muke ɗora wa ruwan rijiya ma daga nan take. An kuma auna ƙarfin ƙashina, domin ciwon yana cinye shi a hankali. Nawa mai tafiyar hawainiya ne, alhamdu lillahi.

Amma kada ki ɗauka nan aljanna ce. Watanni na yi ina jiran ganin likitar, alhali a gida da kuɗinki a hannu yau ɗin nan za ki ga babban likita. Gwaje-gwajen dai ko sisi ban biya ba, sai fam 9.90 kan kowane maganin da aka rubuta. Piriton ɗinmu yana nan a kanti, sai dai sun fi ba ni setirizin don ba ya sa barci sosai.

Abin da ya fi burge ni allurar adirenalin ce mai kamar biro. Guda biyu aka ba ni, kullum suna jakata. In numfashi ya sarƙe, a cinya ake caka ta ko ta saman zane, sannan a kira 999, lambar agajin gaggawa ta nan.

In za ki aiko da kilishin, don Allah a rage masa yaji.