Bitar Manhajar Couch to 5K: Ƙarfinta a Makonnin Farko Yake

Mafi yawan manhajojin motsa jiki da ke cikin wayoyin hannu an tsara su ne domin mutumin da ya riga ya fara. Suna auna nisan da aka yi, suna ƙidaya bugun zuciya, suna zana jadawalin ci gaba, suna kuma gwada mai amfani da su da wasu mutane, alhali babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da zai amfani wanda ya shekara goma bai yi gudu ba, wanda hawa bene kaɗai kan sa shi haki. Manhajar Couch to 5K ta hukumar kula da lafiya ta Birtaniya, wato NHS, wannan mutumin ta nufa kai tsaye, kuma alkawarin da sunanta ya ɗauka shi ne ta ɗaga shi daga kan kujera ta kai shi ga gudun kilomita 5 cikin mako 9. A ganina ta cika rabin farko na alkawarin fiye da duk wani tsari irinta, amma rabi na biyu akwai magana a kansa.

Tsarin ya girmi manhajar da shekaru masu yawa. Wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ne ya rubuta shi a shekarar 1996, bayan shi kansa ya shiga harkar gudu da wahala, kuma ya so ya sauƙaƙa wa mahaifiyarsa hanya. Haɗa gudu da tafiya a zama ɗaya ba shi ya ƙirƙiro ba, domin Jeff Galloway, wanda ya wakilci Amurka a wasannin Olamfik na 1972, ya fara koyar da shi tun shekarun 1970. Abin da Clark ya yi shi ne ya jera matakan daki-daki domin wanda bai taɓa farawa ba. Daga baya NHS ta ɗauki tsarin, ta fara fitar da shi a matsayin sautin da ake saukewa a saurara, sannan aka mayar da shi manhaja tare da haɗin gwiwar BBC. Kyauta ake sauke ta.

Ana fita sau uku a mako, tare da aƙalla kwana ɗaya na hutu tsakanin kowace fita da mai bi mata, wanda ya kama fita 27 ke nan idan ba a maimaita komai ba. Kowace fita tana farawa da tafiya mai sauri ta minti 5 domin jiki ya ɗumama, tana kuma ƙarewa da wata tafiyar ta minti 5 domin ya huce. A makon farko, abin da ke tsakanin waɗannan biyun shi ne sassarfa ta minti ɗaya, sai tafiya ta minti ɗaya da rabi, a yi ta maimaitawa har minti 20 su cika. Jimillar gudun a ranar farko minti 8 ne kacal, shi ma a yanyanke.

A wannan minti ɗaya darajar manhajar gaba ɗaya take, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Abin da ke hana yawancin mutane fara gudu ba lalaci ba ne kawai, kodayake shi aka fi zargi. Akwai tunawa da wata rana da mutum ya fita da ƙarfinsa, ya yi gudu iya ƙoƙarinsa, ƙirji ya ɗauki zafi kafin ya yi nisa, ya tsaya ya dafa gwiwoyi, ya koma gida da tabbacin cewa shi ba a halicce shi domin wannan abu ba. Tsarin nan ya fahimci cewa kuskuren ba a jikin mutumin yake ba, a girman matakin da ya zaɓa yake. Minti ɗaya ya yi ƙanƙantar da zuciya ba ta samun hujjar ƙin sa, amma bai yi ƙanƙantar da za a raina shi ba. Wanda ya daɗe bai motsa ba zai ga cewa zagaye na farko da na biyu sun wuce cikin sauƙi har ya fara tunanin an rage masa aiki, a zagaye na biyar numfashi ya fara fita da ƙara, a na shida ƙwauri ya yi nauyi, daƙiƙa goman ƙarshe kuma su yi tsawon da bai taɓa sanin daƙiƙa na da shi ba. Daidai lokacin da zai ce ya gaji sai muryar da ke kunnensa ta ce ya sassauta ya koma tafiya. Wannan umarni shi ne gwanintar tsarin, domin tsayawar da a da take zama shaidar gazawa yanzu ta zama wani ɓangare na aikin da aka ba shi. Mutum yana komawa gida ya gama abin da aka ce ya yi, kuma wanda ya gama aikin ranar Litinin ya fi saurin fitowa ranar Laraba.

Abu na biyu da manhajar ta yi daidai shi ne ta ɗauke wa mai farawa nauyin yanke shawara. Ba a tambayarsa nisan da yake son yi, ko saurin da yake ganin ya dace da shi, tambayoyin da ba shi da amsarsu tun da bai taɓa yi ba. Ya zaɓi mai horarwa, ya sa abin sauraro a kunne, ya danna maɓalli ɗaya, shi ke nan. Muryar ce ke cewa a fara, ita ce ke cewa a tsaya, ita ce ke sanar da cewa saura kaɗan. Idan an kai tsakiyar lokaci ana kaɗa ƙararrawa domin wanda ya miƙe hanya ya san lokacin juyawa ya yi, ƙaramin abu ne amma yana nuna cewa waɗanda suka tsara ta sun yi tunanin mutumin da ke kan titi shi kaɗai, wanda ba ya son ya ƙare da nisa daga gida bayan ƙarfinsa ya ƙare. Ana kuma iya kunna duk abin da mutum ke son saurare a wata manhajar, muryar mai horarwa ta riƙa shigowa a kansa idan lokaci ya yi.

Cikin waɗanda suka ba da muryoyinsu a matsayin masu horarwa akwai Michael Johnson, wanda ya lashe tseren mita 200 da mita 400 a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996, da Denise Lewis, wadda ta ci zinare a wasannin Olamfik na Sidni a 2000, da Steve Cram, zakaran duniya a mita 1500 a 1983, da kuma mai barkwanci Sarah Millican. Zaɓin ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin muryar da za ta raka mutum wata biyu ce. Ni dai na fi ganin amfanin muryar da ba ta zakara ba ga wanda yake jin kunyar jikinsa, saboda ƙarfafawar wanda ya san wahalar farawa ta fi shiga zuciya fiye da ta wanda ya kafa tarihi a duniya, ko da kalmomin iri ɗaya ne. Wasu kuma akasin haka suke so, kuma ana iya sauyawa a kowane lokaci.

Mako na biyu zuwa na huɗu suna tafiya yadda ya kamata. Gudun yana ƙaruwa zuwa minti ɗaya da rabi, sannan minti 3, sannan minti 5, kuma a mako na huɗu jimillarsa ta kai minti 16, wato ninki biyu na ranar farko, ba tare da mutum ya ji an yi masa tsalle ba. Kwanakin hutun ma ba ado ba ne. Zuciya da huhu sun fi ƙashi da jijiyoyin gaɓoɓi saurin sabawa da sabon aiki, shi ya sa mai farawa kan ji numfashinsa ya daidaita ya ɗauka ya shirya yin gudu kullum, alhali ƙwaurinsa da gwiwarsa ba su kai can ba tukuna. Yawan ciwon ƙwauri da ke mayar da sababbin masu gudu kan kujera daga wannan gaggawa yake fitowa.

Matsalar tana mako na biyar. A fitar farko ana gudun minti 5 sau uku da tafiyar minti 3 a tsakani. A ta biyu ana gudun minti 8 sau biyu da tafiyar minti 5 a tsakani. A ta uku kuwa, ba zato ba tsammani, ana bukatar gudun minti 20 a jere babu tafiya ko kaɗan. Mutumin da mafi tsawon gudunsa a duniya minti 8 ne, wanda kuma ya yi shi kwana biyu da suka wuce, an ce ya ninka shi sau biyu da rabi. Masu kare tsarin suna cewa jiki ya riga ya shirya, tun da ya saba da minti 16 a zama ɗaya, shingen da ya rage a kai yake kawai, kuma da yawa sukan tsallake shi su yi mamakin kansu. Akwai gaskiya a wannan. Amma ƙa'idar da ta sa makonnin farko suka yi nasara ita ce kada a taɓa ba mai farawa matakin da zai tsorata shi tun kafin ya ɗaura takalmi, kuma a nan an karya ta. Wanda ya duba jadawali da daddare ya ga minti 20 yana jiransa da safe, shi ne wanda zai sami uzurin ɗage fitar zuwa jibi, daga jibi zuwa mako mai zuwa. Abin da ya ƙara ba ni mamaki shi ne mako na shida yana komawa ga gudun minti 5 da 8 da 10 tare da tafiya a tsakani, matakan da hankali zai ce kamata ya yi su zo kafin minti 20, ba bayansa ba.

Manhajar ta yarda a maimaita kowace fita ko kowane mako sau nawa aka ga dama, kuma shawarar NHS ita ce a yi hakan idan ba a ji an shirya ba. Wannan ya rage kaifin matsalar, sai dai bai kawar da ita ba, domin adadin mako 9 da aka sa a gaba yana sa mai maimaitawa ya ji kamar an bar shi a baya. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma da an faɗi wannan da babbar murya tun ranar farko, an nuna cewa mako 12 ko 14 ba kasawa ba ne, da mutane da yawa ba su ajiye wayar a mako na biyar ba.

Daga mako na bakwai babu sauran tafiya a tsakiya: minti 25, sannan 28 a mako na takwas, sannan 30 a na tara. A nan ne rabin alkawarin na biyu ke samun tangarɗa. Tsarin lokaci yake aunawa, ba nisa ba. Kafin mutum ya yi kilomita 5 cikin minti 30 sai ya riƙa cinye kowace kilomita cikin minti 6, wato gudun kilomita 10 a awa, kuma wannan sauri ne da ya fi ƙarfin sababbin masu gudu da dama, musamman waɗanda suka bi shawarar masu horarwar ta yin sassarfa a hankali yadda za su iya magana suna gudu. Saboda haka mutum na iya kammala fita ta 27, ya auna nisansa, ya tarar bai kai kilomita 4 ba, murnarsa ta ragu a kan abin da bai kamata ya rage ta ba. Gudun minti 30 sau uku a mako ya kama minti 90, ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya minti 75 zuwa 150 na motsa jiki mai ƙarfi take ba manya shawarar yi a mako, ko minti 150 zuwa 300 na matsakaici. Wanda ya kai nan ya shiga sahun da likitoci ke so ya shiga, ko kilomita nawa ya yi. Sunan ne ya jawo ruɗanin, kuma ya kamata a warware shi tun a makon farko.

Bayan kammalawa akwai wasu 'yan darussa na ci gaba da aka tanada, amma ba su da jan hankalin makonnin farko, watakila saboda wanda ya kai nan bukatarsa ta sauya daga umarni zuwa abokan tafiya. Da yawa daga cikin masu kammalawa sukan koma parkrun, gudun kilomita 5 na kyauta da ake yi kowace Asabar da safe, wanda Paul Sinton-Hewitt ya fara a Bushy Park da ke Landan a 2004 da masu gudu 13, ya kuma bazu zuwa ƙasashe da dama. A can babu wanda zai hana mutum tafiya idan ya gaji, kuma a can ne yawanci ake cika kilomita 5 ɗin da manhajar ta yi alkawari.

Wanda ya riga ya iya gudun minti 15 a jere ba shi da abin da zai samu a nan, gara ya nemi wani tsarin. Mai ciwon zuciya, ko hawan jini da ba a shawo kansa ba, ko ciwon gaɓoɓi, ko mace mai juna biyu, su fara ganin likita, kuma duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri yana cikin gudu ya tsaya nan take. Manhajar NHS an yi ta ne domin mazauna Birtaniya, don haka ba a kowace ƙasa take bayyana a rumbun manhajoji ba, kuma akwai wasu da yawa masu irin wannan suna daga kamfanoni daban-daban, waɗanda wasunsu ke buɗe makonnin farko kyauta su rufe sauran sai an biya. Jadawalin makonnin tara kuwa yana shafin NHS na intanet ga duk mai so, kuma ana iya bin sa da agogon hannu kaɗai, sai dai a lokacin mutum ne zai riƙa duba daƙiƙoƙi da kansa yana haki, aikin da muryar mai horarwa ke ɗauke masa.