Bitar Wani Ajin Yamma na Nahawun Turanci a Kano

Cibiyoyin lesin da ke shirya ɗalibai domin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB sun yawaita a Kano, amma kaɗan ne daga cikinsu suke koyar da daidaiton aikau da aikatau, wato dacewar mai yin aiki da kalmar aiki a cikin jimla, yadda ɗalibi Bahaushe zai fahimta, alhali da wuya takardar Turanci ta fito ba tare da tambaya a kansa ba. Ajin da ƙanena yake zuwa, wanda na zauna a wasu darussansa, ya yi fice a wannan fanni.

Malamin ya fara da jimlar da aikau biyu suka haɗu a kan aiki ɗaya. Ya rubuta “Musa and Audu are coming” a allo, sannan ya rubuta “Musa, together with Audu, is coming” a ƙarƙashinta, ya bar ɗalibai suka yi ta gardama kafin ya sa baki. Bayaninsa shi ne, a Hausa “da” ce take ɗaukar nauyin duka biyun, shi ya sa hannun ɗalibi yake saurin kaiwa ga jam'i, amma a Turanci “and” kaɗai ke mayar da aikau jam'i, ban da “together with” ko “as well as”. Daga nan ya nuna cewa idan aka yi amfani da “either … or” ko “neither … nor”, aikatau yana bin sunan da ya fi kusa da shi, kamar a “Neither the teacher nor the pupils were there”.

Darasin da ya fi gamsar da ni shi ne na aikau ɗaya mai ayyuka da yawa. Mu muna cewa “Ladi ta tashi ta yi shara ta tafi makaranta”, kowane aiki da tasa “ta”, saboda haka yara suke cusa “she” a gaban kowane aikatau. Malamin ya karɓi littafin wata ɗaliba, ya soke waɗannan kalmomi da jan biro ɗaya bayan ɗaya, har jimlar ta koma “Ladi woke up, swept the room and went to school”, ya kuma ja kunnensu cewa kada lokacin aikin ya sauya a tsakiyar jimla.

Sai dai akwai gyara. Ɗakin ya yi wa ɗaliban kaɗan, kuma takardun darasin da ake rabawa suna da kurakuran bugu, abin da bai dace da wurin koyon nahawu ba. Abin da ya fi damuna shi ne yawancin atisayen na zaɓin amsa ne, ba a cika sa yara rubuta insha'i ba, alhali a nan ne ake gane wanda ƙa'idar ta zauna masa. Duk mai niyyar kai ɗansa, ya nemi a riƙa ba shi aikin rubutu kowane mako, a kuma duba shi a gabansa.