Aikin cire tsiron nama a ido: yadda muka samu wani asibiti a Birnin Kebbi

Ƙanena manomin shinkafa ne a fadamar Argungu, shekarunsa 32. Tsiron nama ya fito masa a farin ido ta ɓangaren hanci, ya yi ta rarrafowa har ya hau baƙin idon. An cire masa shi a wani aikin ido na kyauta, amma kafin wata 6 ya dawo, ya ma fi na farko ja da kauri. Dalilin zuwanmu wani asibitin ido mai zaman kansa a Birnin Kebbi ke nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne likitan bai gaggauta kai shi tiyata ba. Ya juya bayan katinmu ya zana ido da biro, ya ce, "Malam, wancan karon yankewa kawai aka yi, aka bar wurin a buɗe." Ya bayyana mana cewa wannan tsohuwar hanya tana da sauri da araha, amma tsiron kan dawo wa mutane da yawa, wani lokaci har fiye da rabinsu. Su kuwa sukan yanko siririn tantani daga saman idon, inda fatar ido ke rufewa, su dasa shi a gurbin da aka cire tsiron, kuma da wannan dashe dawowar kan ragu zuwa kusan mutum 1 cikin 10 ko ƙasa da haka. Bai ɓoye mana cewa ƙanena yana cikin waɗanda aka fi jin tsoro ba, domin tsiron ya fi dawo wa masu ƙuruciya, da mai tsiro ja mai kauri, da wanda aka taɓa yi wa aiki. Ga kuma sana'arsa: rana daga sama, haskenta na dawowa daga ruwan fadama, sannan ƙurar hunturu.

Aikin bai kai awa guda ba, kuma allurar kashe zafi kawai aka yi masa, yana farke har aka gama. Ɗinki aka yi, saboda haka ya shafe kwanaki yana cewa kamar yashi aka zuba masa a ido.

Inda asibitin ya gaza shi ne tsari. Mun iso ƙarfe 8 na safe, ba a kira mu ba sai bayan azahar, kuma kantin maganinsu ba shi da maganin ɗigawar da likitan ya rubuta, sai cikin gari na nemo shi. Wannan ba ƙaramin sakaci ba ne, tunda maganin ne ke kwantar da kumburin da ke taimaka wa tsiron dawowa, kuma ba a dakatar da shi kwatsam, a hankali ake ragewa cikin makonni. Na dai yaba da yadda suke auna hawan jinin ido duk zuwan da muka yi, domin irin wannan magani yana iya tayar da shi.

Yau wata 8 ke nan, idon fes. Likitan ya ce ba zai saki jiki ba sai an cika shekara, domin mafi yawan dawowar a cikinta take faruwa. Ƙanena yanzu ba ya shiga gona sai da malafa da baƙin tabarau, ko da yake abokansa na zolayarsa, kuma za mu koma a duba shi bayan girbi.