Na'urar karanta DVD ta USB: abin da ta ceto mini da abin da ta kasa

Faifai 14 muka tarar a ƙasan durowa ranar da ake kwashe kaya za a yi wa ɗaki fenti. Akwai na bikinmu na 2009, da na walimar dawowar Hajiya daga Makka, da guda biyu na hawan Sallah da wani maƙwabcinmu ya ɗauka a ƙofar fada zamanin marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris. Yara sun sha wasa da su, ƙurar hunturu ta ƙarasa sauran. Uwargida ta juya na walimar ta ga yadda ya kakkarce, ta ce, "Malam, wannan kam sai haƙuri." Ni kuwa na san muryar Hajiya, Allah ya jiƙanta, ba ta ko'ina sai a cikinsa.

Kwamfutata irin ta yanzu ce, ba ta da wurin sa faifai. Sai na tashi daga Tudun Wada na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo 'yar na'urar da ake jona wa ta USB. Baƙa ce, shafal, ba ta ma da sunan kirki a jiki. Wayarta gajera ce har abin haushi, dole ta zauna manne da kwamfuta, kuma idan ta fara juyi sai ka ce keken ɗinki. Amma faifai tara masu ɗan dama-dama ta kwashe su tsaf a yini biyu. Faifan gama-gari gigabayit 4.7 yake ɗauka, don haka duka taran sun shige filashi mai 64.

Sauran biyar ɗin ne suka nuna mini iyakata. Kwafi zai yi nisa, sai ya cije a wuri ɗaya, na'urar ta yi ta gurnani, daga nan a ce an samu kuskure, komai ya rushe. Sau uku ina maimaitawa.

Ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta a Samaru ya zo ran Asabar, ya same ni da man goge baki a hannu zan shafa wa faifan, kamar yadda na ji ana faɗa. Ya ce, "Kawu, don Allah ajiye, kar ka ƙara masa ciwo." Ruwa da ɗigon sabulu kawai ya sa, ya goge da tsumma mai laushi daga ramin tsakiya zuwa baki, a miƙe. Ashe ni da nake gogewa ina zagayawa ɓarna nake yi. Bayanan a zagaye suke kwance, saboda haka karcen da ya bi zagayen yana cinye dogon layi, wanda ya gitta kuwa kaɗan yake taɓawa a kowane layi, na'ura ta iya cike gurbin da kanta. Ya kuma nuna mini cewa DVD fallen roba biyu ne aka manna, bayanan na tsakiya, don haka yawancin karce bai kai gare su ba, hanyar hasken da ke karantawa kawai yake karkatarwa.

Sannan ya tayar da kwamfutar da Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta irin su Windows, daga filashinsa, ya sa wata manhaja ta kyauta mai suna ddrescue. Ita ba ta tsayawa jayayya da wurin da ya lalace. Tana tsallakewa ta kwashe mai kyau tukuna, sannan ta dawo ta riƙa lallaɓa wuraren da suka ƙi. Abin da ya fi burge ni, tana rubuta inda ta tsaya. An ɗauke wuta, batir ya mutu cikin dare, da safe ta ɗora daga nan. Wanda ya tsara wannan kamar ya taɓa zama a unguwarmu.

Na walimar ya ci kusan kwana guda. Ya fito, sai dai wajen ƙarshe hoton yana farfashewa na 'yan daƙiƙu, da yake faifai daga tsakiya ake fara karanta shi, gefen da yara suka fi ci shi ne ƙarshen bidiyo. Inda Hajiya take raba dabino da zamzam tana yi wa jikoki tsiya yana nan garau. Uwargida ta kalla sau biyu, ta tashi ta shige ɗaki.

Huɗu cikin biyar suka tsira. Na biyar, ɗaya daga na hawan Sallah, karcensa ma bai kai na sauran ba, amma shunin bayansa ya koɗe. Irin faifan da masu ɗaukar biki ke bugawa rini ne ke riƙe bayanansa, zafi da rana suna kashe shi, wannan kuwa ya daɗe a cikin mota. Ban ɗora wa na'urar laifin wannan ba.

In kana da tarin faifai a gida, saye ta ya fi kai su shago ɗaya-ɗaya, balle bidiyon iyali da ba ka so ya kwana a kwamfutar wani. Sai dai ita kaɗai rabin aiki ce, ka nemi wanda ya iya manhajar. Na ajiye kwafi a filashi, wani a kwamfuta, na uku na aika wa yayata a Kofar Doka. Faifan da ya ƙi kuma yaron ya tafi da shi, ya ce akwai wata tsohuwar kwamfutar tebur a wurin abokinsa, wani lokaci abin da wannan ta kasa karantawa waccan takan karanta.