Yini ɗaya daga Yamai: Sayi, Doso, Dutsi ko ƙetaren gada?

Da zarar sakamakon jarabawar BAK ta kammala sakandare ya fito, hirar da ke yawo a fadodin shayi na Yamai ita ce ina za a tura yaro. Wasu iyayen ba sa sakin jiki sai sun je sun ga makarantar da idonsu. Wasu kuma so suke su haɗa tafiyar da ɗan shan iska, a fita daga ƙurar birni, yara su hau dutse, a dawo kafin magariba. Matsalar ita ce a kewayen Yamai da wuya gari ɗaya ya biya maka buƙatun nan biyu: inda dutsen kirki yake babu jami'a, inda jami'a take kuma ƙasar a shimfiɗe take. Saboda haka kafin ka biya kuɗin mota, ka fara sanin wanne ne ya fitar da kai daga gida.

Sayi ce mafi kusa, kilomita 55 ko kusa da haka a kudu, a gaɓar dama ta kogin Isa. Can Jami'ar Musulunci take, wadda ƙasashen Musulmi suka yanke shawarar ginawa a taronsu na Lahore a 1974, ta buɗe ƙofa a 1986. Abin da zai fara ɗaukar hankalinka ba gine-ginen ba ne, bakunan da za ka ji ne: ɗalibai daga ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, Larabci ya haɗa su, ga Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Bambaranci suna tashi a gindin bishiya ɗaya. Garin kansa tsohuwar cibiyar malamai ce tun zamanin Alfa Mahaman Jobbo a farkon ƙarni na 19. Ga yaron da ya yi makarantar Faransanci da Larabci kuma yake son shari'a ko harshen Larabci, babu tafiyar da ta fi wannan amfani. Idan ɗiya mace ce, kada ka wahalar da kanka, sashen ƴan mata na jami'ar a cikin Yamai yake. Dutse kuwa babu, sai kogi da gonakin shinkafa. Sannan Sayi tana cikin jihar Tilaberi, kuma tun ƙarshen 2018 aka sa gundumarta cikin dokar ta-ɓaci. Kusancinta bai sa ta zama wurin yawon buɗe ido ba. Ka tambayi direbobin layin a safiyar da za ka tafi, ba labarin makon jiya ba, ka tsaya iya gari, kuma la'asar ta same ka a hanyar dawowa.

Doso ce zaɓin da zan fi ba mai iyali. Nisanta wajen kilomita 140 ne a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda motoci ba sa yankewa a kanta, ga jandarmomi da shingayen bincike. Hanyar ma kanta abin kallo ce. Layin dogon da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, aka yi bikinsa a Janairun 2016, yana biye da kwalta har Doso, amma fasinja bai taɓa morarsa ba, awaki ne ke kiwo a tsakanin ƙarafan. A wajen kilomita 60 za ka ratsa yankin Kure, gidan raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma. Wani lokaci daga cikin mota za ka hango wuyansu ya zarce kan ƙaya. Ka hanga ka wuce. A nan ne aka kashe mutum 8 ranar 9 ga Agustan 2020, kuma shiga dajin ba abin da mutum zai yanke wa kansa ba ne ba tare da izinin hukuma ba. Gaba kaɗan hanya za ta gangara Dallol Boso a Birnin Gaure, inda gaɓar kwarin take tsaye ja wur, giginyu da goruba a ƙasa. Shi ne abin da ya fi kama da tsauni da za ka samu a wannan tafiya.

Jami'ar Doso ƙarama ce. An kafa ta a 2014 tare da na Tilaberi da Agadas da Difa, aka ba kowace fannin da za ta fi ƙarfi a kai, ita ta samu kwamfuta da sadarwar zamani. Wanda ya je da tunanin katafaren fili mai tsofaffin bishiyoyi zai dawo da sanyin gwiwa, domin awa ɗaya ta isa ka zagaye ta. Amma ƙanƙantar nan tana da ranarta: ka fi saurin samun malami ko ma'aikacin rajista da zai zauna ya saurare ka. Sauran yinin kuma fadar Sarkin Doso, gidan Zarmakwai, da gidan tarihi na jiha za su cike shi, kuma garin ya samu gyaran tituna lokacin da ya karɓi bikin ranar jamhuriya na 18 ga Disamban 2014.

A kan wannan layi ne zancen mota yake da nauyi, don hanyoyi uku ne kuma kowace da inda take cizo. Manyan bas na kamfanoni irin su Rimbo da STM da SONEF da Al Izza sun fi daɗin zama, kujerarka taka ce, lokacin tashi sananne ne, kuma masu doguwar tafiya tun kafin asuba suke fita, wanda ya dace da mai son dawowa a ranar. Wahalar tana wajen komowa. Motocin da ke fitowa daga Maradi ko Damagaram sukan iso Doso da yamma, sau da yawa a cike, don haka da ka sauka, kafin ka nemi abin karyawa, ka je wurin sayar da tikiti ka ji yadda kujerar dawowa take. Ƴan Hiace na tashar Wadata sun fi araha kuma ana samunsu kusan kowane lokaci, sai dai ba agogo ke tayar da su ba, cika ce. Ɗan kamasho zai ce maka, “Alhaji, shiga, mutum biyu suka rage,” alhali rabin waɗanda ke zaune ciki abokan hirarsa ne da za su sauka da zarar fasinjan gaske sun taru. Ga tsaye-tsaye a kowane ƙauye. Mai yini ɗaya tak ba shi da awa biyun da zai bayar kyauta. Motar gida ko ta haya ita ce ta fi, in kun kai mutum huɗu. Lissafin ba shi da wuya: zuwa da dawowa kilomita 280 ne, in motar tana shan lita 10 a kowane kilomita 100, lita 28 ke nan, a farashin sefa 499 da gwamnati ta sa wa litar isansi a 2024 kuwa ya kama jika 14, ban da kuɗin shingen hanya da na direba. In haya ce, a yi magana a fili tun farko: mai a kan wa yake, kuma in dare ya yi ko mota ta lalace, wa zai ɗauki nauyi.

Mai son dutse na haƙiƙa, Dogon Dutsi zai nufa, ƙasar Arewa, inda Hausa ce harshen kasuwa. Tun daga nesa tsaunin ke tare maka ido, kansa a daidaice, garin kwance a gindinsa a bakin Dallol Mawri. A yankin ne Lugu take, inda Sarauniya ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Amma babu jami'a a Dutsi, kuma nisanta ya kusa ninka na Doso, wajen kilomita 270. Ana iya zuwa a dawo a rana ɗaya, sai dai yinin a cikin mota zai ƙare, hawan dutsen kuma ya faɗo daidai tsakar rana. In ba za ka kwana ba, bar ta sai wani jiƙon. Tilaberi ma, da jami'arta mai sunan Bubakar Ba wadda ta fi karkata ga noma, tafiya ce ta wanda ke da takardar da zai kai ko ɗan da zai duba. Yadda tsaron yankin yake, ba na ba kowa shawarar ya kwashi yara zuwa can don shaƙatawa.

Abin da mutane da yawa ke tsallakewa shi ne wurin da ya fi kusa haɗa buƙatun biyu yana ƙarƙashin hancinsu, a Harobanda, ɓangaren Yamai da ke ƙetaren kogi. Kuɗin taksi ko faba-faba, ƙananan bas ɗin cikin gari, kawai zai ci. Ka bi ta gadar Kennedy, wadda a kanta ɗalibai suka yi tattakin 9 ga Fabrairun 1990 aka harbe uku daga cikinsu, ka faɗa Jami'ar Abdu Mumuni. Ita ce uwar jami'o'in ƙasar: ta fara a 1971, ta zama cikakkiyar jami'a a 1973, aka sa mata sunan masanin makamashin rana ɗan Tasawa a 1992, shekara guda bayan rasuwarsa. A kusa akwai makarantar ma'adinai ta EMIG da cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da asibitin Lamorde, unguwa guda da kusan karatu ne ya raya ta.

A nan ne uba zai ga abin da takardar rajista ba ta faɗa. Kada ka tsaya a ofishin shugaban tsangaya. Ka je ɗakunan kwanan ɗalibai da hantsi ka ƙirga katifu nawa ke jingine a ɗaki ɗaya, ka dubi layin gidan cin abinci da tsakar rana, tikiti a hannu, rana a ka. Ka tsayar da ɗalibin shekara ta biyu ka ce, “Ɗana, yaushe kuka fara shekarar nan, yaushe kuke sa ran gamawa, kuɗin tallafi kuma ya fito?” Amsarsa ta fi duk abin da za ka karanta a allon sanarwa, kuma tambayoyin nan su ne za ka yi a Sayi da Doso. Ka tuna harabar tana da nata tsarin na ƙungiyar ɗalibai, ka gabatar da kanka a ƙofa, kada ka ɗaga waya ka fara ɗaukar hoto babu sallama.

Da la'asar sakaliya sai ku fita bayan gari wajen tsaunukan nan uku da ake kira Trois Sœurs. Ba su da tsayin na Dutsi, amma jan marmara ne mai santsin tsakuwa, silifa ba ya yi, kuma daga sama kogi da gadoji da birnin duka suna gabanka. Ku je da wanda ya san wurin, ku sauko da sauran haske.

Ko wanne ka zaɓa, tsakanin Litinin da Alhamis ya fi, don ranar Juma'a ofisoshi da azahar suke tashi, Asabar kuma sai maigadi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin tafiyar: ana karatu, ga sanyi. Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, da damina kuwa ruwa na iya yanke hanya, kamar yadda ya yi a bakin Yamai a Agustan 2024. Kowane babba ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa a aljihu, yara kuma a tafi da takardar haihuwarsu, domin a shingen jandarma babu wanda zai saurari cewa Doso kawai za ku ku dawo.