Na je ganin gidan Firaminista, shagon kawunsa ya tsayar da ni

Raina a ɓace na isa Llanystumdwy. Mai tasin da muka yi alkawari da shi ya ce mu jira shi minti goma a tashar jirgin ƙasa ta Criccieth, muka yi kusan awa guda cikin yayyafi, ni da maiɗakina da 'yarmu, har wayarsa ta daina shiga. Wani daban ne ya kai mu, tafiyar da ba ta fi mil biyu ba. Don haka ban shiga gidan tarihin Lloyd George da niyyar yabon kowa ba.

Sunan mutumin ne ya ja ni zuwa wannan ƙauye na arewacin Wales: David Lloyd George, Firaministan Birtaniya daga 1916 zuwa 1922, na ƙarshe da jam'iyyar Liberal ta fitar. Na ɗauka zan tarar da katafaren gida irin na masu sarauta. Ashe Highgate, gidan da ya tashi a ciki, ɗan gidan dutse ne a bakin hanya, ɗakunansa ƙanana, ga shagon ɗinkin takalma manne da shi. A shagon nan na kafe.

Na kawunsa ne, Richard Lloyd. Mahaifin David malamin makaranta ne, ya rasu a 1864, yaron bai kai shekara biyu ba. Uwar ta kwaso 'ya'yanta, ga ciki, ta dawo gidan ɗan'uwanta. Shi kuwa bai taɓa aure ba har ya bar duniya. Yini yake yi a kan benci da guduma da fata, ranar Lahadi ya yi wa'azi a cocinsu, duk abin da ya samu yana ƙarewa kan marayun nan. Da David zai zauna jarrabawar shiga aikin lauya, ana bukatar Faransanci, kawun bai iya ba, sai ya zauna yana koyo tare da yaron. Mutumin da harshensa Welsh ne, sana'arsa takalmi! Saboda shi David ya ɗauki sunan Lloyd ya haɗa da nasa.

Ina tsaye gaban bencin sai ga Kawu Malam a idona. Shi ya riƙe mu a Mubi bayan rasuwar mahaifinmu. Tela ne, bai yi boko ba, amma kullum bayan isha'i sai ya kunna fitila ya ce in karanta masa abin da aka koya mana, yana gyaɗa kai, in na yi gargada ya ce in sake. Ban san hawaye ya zubo ba sai da maiɗakina ta taɓa ni ta ce, "Abban Hanifa, lafiya?" Na ce ta ba ni minti biyu. Na fi minti ashirin a wurin. Allah Ya jiƙan Kawu.

Daga nan na daina yi wa fanshon da aka fara biya a 1909, lokacin David yana ministan kuɗi, kallon lissafin gwamnati. Sule biyar ne a mako ga talakan da ya kai shekara 70. Ni dai na yarda yaron da ya tashi a gidan nan har 1880 ya san abin da sule biyar ke yi wa tsoho.

Da a nan muka tsaya, tauraro biyar zan bayar ba jayayya. Amma a babban ɗakin ajiya akwai kwafin yarjejeniyar Versailles ta 1919, da hannunsa a ciki. Ita ce ta raba Jamus da ƙasashen da take mulka, Kamaru a ciki. A shekarar ce ministansa na mulkin mallaka, Milner, ya zauna da takwaransa na Faransa suka shata iyakar da ta raba Kamaru biyu. Mubi ta faɗo ɓangaren Ingila, Garwa ta faɗa na Faransa. Dangin kakata suna Garwa har gobe, sai da takarda muke zumunci, 'ya'yansu da Faransanci, namu da Turanci. Ba wanda ya tambayi kakanninmu. Yaron da kawu ya riƙa don kada gida ya watse, gwamnatinsa ce ta tsaga namu gidan biyu. Ƙirjina ya yi nauyi, na bar akwatunan azurfar da birane suka karrama shi da su ban ko duba sosai ba.

Kabarinsa na kusa, a gefen kogin Dwyfor, cikin bishiyoyi. A ƙauyen ya rasu a 1945. Wani ƙaton dutse da yake zama a kai aka ɗora, ba ado. Hanifa ta tambaye ni ko mutumin kirki ne. Na ce kawunsa dai mutumin kirki ne.

Tauraro huɗu na bayar. Ɗayan ya tafi tsakanin takardar can da mai tasin da har yau bai kira ya ba da haƙuri ba. Wanda zai je ya tanadi motar komowa tun kafin ya taso, ya riƙe laima, kuma ya fara da shagon.