Tsohon gida cikin gari ko kango a bakin gari, wanne sabon shiga zai fara da shi?

Mai son shiga harkar saye da gyaran gida ya saida a nan Maradi, hanya biyu ce gabanshi. Tsohon gida irin na Bagalam ko Mokoyo, akwai ruwa da wuta, kusa da kasuwa, mai saye ba ya wuya. Amma yawanci ginin laka ne kuma gidan gado, sai ka biya kuɗi ka fara aiki wani magaji ya taso daga Kano ya ce bai sa hannu ba, ga damina ta ci gindin bango an shafe da siminti, in ba ka zo da magini ya ƙwanƙwasa ba wallahi ba ka ganewa.

Kango ko, wanda mai shi ya kai linta kuɗi suka ƙare mashi, kamar can wajen Zariya ko Ali Dan Sofo, komi a fili yake, kana ganin bulo da ƙarfe da idonka. Saura kwano, ƙofofi, falasta da fenti. Matsalarshi jawo ruwa da wuta, kuma kuɗinka na iya kwana kafin unguwar ta cika.

Ni dai kango nake ba sabon shiga shawara, amma ka kai takardar filin can meri, wato ofishin magajin gari, a tantance kafin ka ba dillali ko dala.